Ranar da Na Kira Ungulaye

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Zongon Wagadugu, zuwa ga ɗana, Mai Sunan Baba.

Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da gida. Da azumi nake ƙirgawa, don shi ne ba ya ɓace mini: azumi goma sha ɗaya na sha ruwa a ƙofar gidan wasu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, mahaifiyarka tana lafiya, da ƙannenka, da duk wanda ya rage yana tambayata. Allah ya tsare ku daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani. Allah ya tsare ƙafarka daga hanyar da ba ta da dawowa. Labarin nan garin ba zan ba ka ba, Hamidu direba da zai kawo maka takardar nan bakinsa ya ishe ku. Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne.

Hamidu ya gaya mini bayan Sallah za ka bar gida, za ka bi Ɗan Bakwai mai kayan magani, ku riƙa tara masa kawunan ungulu. Ya ce mahaifiyarka ta hana, kai kuma ka ce mata, “Inna, tsuntsu ne fa, tsuntsun ma ungulu. Allah ya fifita mutum a kan dabba, ya hore masa ita.” Ban ga laifinka ba. Maganar ba taka ba ce. Na san bakin da ta fito, don ni ma da ita aka saye ni. Ba ni da fuskar da zan ba ka umarni, uban da ya bar ka kana ɗan shekara takwas. Amma ina da abin da na aikata, kuma ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yi abin da ka ga dama.

Da na sauka garin nan ban san kowa ba. Duk Bahaushen da ya sauka tasha, Zongo ake nuna masa. Na samu aiki wurin mahauta, ba yanka ba, ba sayarwa ba, wankin kayan ciki. Da safe ake kawo su daga mayankar Kosodo a bayan ƙaramin babur, mobilet, tumbi da hanji da huhu, ni in zauna bakin kwata in yi ta wanki har rana ta take tsaka. Abin da ya rage, ƙazanta da ruɓaɓɓen kitse da guntayen hanji, sai in kai bayan katanga in zubar. Daron ƙarfe ne, abin yana manne masa, don haka nakan kifa shi in bugi gindinsa da ƙotar wuƙa sau uku. Don in kakkaɓe kawai nake yi. Amma ungulayen unguwa suka riƙe sautin.

Ba ka ga Wagadugu ta wancan lokaci ba. Kowane kwano na rufi da ungulu a kai. Cikin kasuwa suke yawo tsakanin ƙafafun mata, a hankali, kamar tsofaffin da suka goya hannu a baya. Moshawa, ’yan ƙasar, ba sa jifarsu. In na buga daro, kafin in ɗaga kai sun sauko sun kewaye ni. Amma ba sa taɓa abincin. Sai su tsaya, kawuna a karkace, suna jira. Sai na ja da baya taku uku, sannan su faɗa masa. Ban koya musu ba. Haka kawai muka saba, ni da su.

Kusa da mu akwai wata tsohuwa Bamoshiya mai sayar da wake da shinkafa. Yaaba muke ce mata, kaka ke nan da harshensu. Zaman Zongo ya ba ta Hausa, ta kuma ɗauke ni mijin wasa.

“Mijina, baƙinka sun iso, tashi ka ba su tuwo.”

“Yaaba, ai danginki ne. Dubi kan, dubi wuyan.”

“Ɗan banza. Da ni da su duk mun girme ka a garin nan.”

Akwai wata a cikinsu da waya ta ɗaure wa ƙafa har ta shige nama. Yaaba ce ta lulluɓe ta da zane, ni na sa filaya na yanke wayar, ta saka mini da amai a riga. Ƙafar ba ta miƙe ba. Muka sa mata Gurguwa. Ko cikin ɗari kana gane ta, don in tana tafiya taku ɗaya take yi ta ja ɗayar.

Kuskurena na farko ba kisa ba ne, raini ne. A Zongo mai wankin hanji shi ne ƙarshen sahu. Jikokin fataken goro masu gidaje, in na ba su hannu sai su ba ni yatsu. A masallaci wanda ke gefena yakan ɗan matsa. Ba duka ba, akwai na kirki da yawa, amma wari wari ne. To ni ma sai na nemi wanda zan raina, na samu ungulu. Ina ciyar da su ina zaginsu. In na dube su sai in ji sanyi a raina, in ce ko ba komai na fi waɗannan. Mai Suna, duk inda za ka je a duniya za a raina ka, baƙo ne kai, talaka kuma. Ranar da ka ji zuciyarka tana laluben wanda ke ƙasa da kai don ta huce a kansa, ka ji tsoron ranar. Ta wannan ƙofa Ɗan Bakwai ya shigo mini.

Zan faɗi gaskiyarsa. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni a shekarata ta biyu, shi ya ɗaure ni a bayansa da rawani ya kai ni likita, ya sayi magani, bai taɓa tayar da maganar ba har yau. Ba shaiɗan ba ne. Mutum ne mai fara'a da kyauta, wanda duk abin da idonsa ya sauka a kai sai ya ga farashinsa.

A shekarata ta huɗu ya zo ya zauna a bencin Yaaba kwana uku a jere yana kallon aikina. Ran na uku ya ja ni gefe.

“Isufu, ka san abin da Allah ya ba ka?”

“Daro biyu da ciwon baya.”

“Kira gare ka, mutumina. Kira. Ni wata guda ina bin tsuntsayen nan, in na ajiye mushe sai su yi ta kewaya a sama su ƙi sauka. Sun san baƙon hannu. Kai kuwa bugu uku.”

Ya ce can kudu ana neman kan ungulu ido rufe. ’Yan kasuwa, masu cacar dawaki, masu neman kujera. Wai tunda tana hango mushe daga inda mutum ba ya ganin komai, in aka haɗa kanta a laya mai ita zai hango gobe. Na ce Moshawa ba za su yarda ba. Ya ce ba a unguwa za mu yi ba. Na ce akwai alhaki. Ya yi dariya, ya faɗa mini maganar nan da ka faɗa wa mahaifiyarka, har da yadda ka jera ta.

Ranar Talata ce, cikin bazara. Muka tafi bayan Kosodo, wani rami da ake haƙar ƙasar bulo aka bari. Ya riga ya kai mushen jaki. Ya farke cikin, ya barbaɗa maganin ƙwarin auduga, wasu ƙananan ƙwayoyi masu duhu. Rana tana tsaka, ko inuwarmu babu, tana ƙarƙashin takalmi. Na ɗaga kai, sama fayau, ba ko ɗigo.

Na kifa daron. Na buga uku.

Shiru. Har na ji daɗi, na ce ka gani, a nan ba su san ni ba. Ya ce ƙara. Na ƙara.

Sai ga ɗigo-ɗigo daga wajen gari, kamar an watsa barkono a sama. Suka yi ta girma. Ba ka jin komai sai iskar fukafukai. Na ƙirga arba'in na bari. Kuma ka ji abin da ya hana ni sukuni shekara bakwai: ba wurin jakin suka nufa ba. Wurina suka zo. Suka kewaye ni kamar kullum, kawuna a karkace, suna jira. Ga nama a buɗe, ga yunwar bazara, ba wadda ta taɓa. Ni suke jira.

Ɗan Bakwai daga bayan tudu yana raɗa, “Matsa mana! Matsa!”

Na ja da baya taku uku.

Da ban ja ba, da ba su ci ba. Na juya wannan magana ta kowace fuska ban samu mafita ba. Gubar tasa ce, jakin nasa ne, amma izinin nawa ne.

Ungulu ba ta da kuka, ka sani. Da suna ihu da ya fi mini sauƙi. Bayan ɗan lokaci suka fara barin naman ɗaya-ɗaya. Ba su tashi ba. Suka ja gefe suka buɗe fukafukai, yadda suke yi in ruwa ya dake su suna shan hantsi, suka jeru suna fuskantata. Ba jakin ba, ba Ɗan Bakwai ba. Sai wuyan wannan ya lanƙwashe, sai na waccan. Wata ta taka ta iso har gabana ta kwantar da kanta a kan daron.

Ɗan Bakwai ya fito yana ’yar waƙarsa, ya miƙo mini wuƙa. “Kai ne mahauci.” Na durƙusa na kama ta farko. Baki ya saba, kafin in ankara na ji na ce Bismillahi. Sunan Allah na kira a kan wannan aiki, Mai Suna. Sauran na yanke su bakina a rufe.

Da na ɗago, sai na ga ɗaya a bakin ramin daga sama. Ba ta sauko ba, ba ta ci ba. Ta ɗan taka, ta ja ƙafa. Gurguwa ce. Ta dube ni iya dubanta, sannan ta tashi ta nufi gari, ta riga mu.

Ga shawarata a nan, ita ce babba. Duk abin da ya zo wurinka don ya san ka, mutum ne ko dabba, kada ka sayar da shi. Maharbi yana bin abin da ke gudunsa, wannan tsakaninsa da Allah. Ni abin da ya amince da ni na kira. Ka tambayi kanka, duk samarin garinmu me ya sa kai Ɗan Bakwai ya zaɓa? Hamidu ya ce ran kasuwa kai ke taya mahauta, kai ke zubar da shara a gindin tsamiya. Ba ƙarfinka yake so ba, ba wayonka ba. Tsuntsayen can sun san ka. Na nan sun ƙare.

Akwai wani abu kuma. Gangar jikin ba duka ya bari a ramin ba. Ya fige masu tsoka ya zuba a buhu, na ga ya bi hanyar unguwar Sisin da su, inda yake da wani mai gashin kaji a bakin titi. Ungulu da kan zabo da muke faɗa a karin magana, ni na gan ta da idona, da guba a cikinta. Ban ce uffan ba. Ban san wanda ya ci ba. Ban ji an ce wani ya mutu ba, ban kuma tambaya ba, don kada a ba ni amsa. Har yau in na wuce masu gashin kaji sai in tsallaka titi. Wanda ya ce maka dabba ce kawai, ka sa ido a kansa, ba da jimawa ba zai ce maka baƙo ne kawai, ba wanda ya san shi. Kuma shirun da za ka yi ranar, shi ma aiki ne, za a rubuta maka.

Abin da na samu na sayi takalmi da rediyo. Takalmin ya mutu a damina ɗaya.

Washegari na koma bakin aiki. Rana ta take, na kai daro bayan katanga, na buga uku. Suna nan a kan rufi, ba su kai na da ba, amma suna nan, a jere. Ba wadda ta motsa. Na sake bugawa. Na ja da baya uku, na ja shida, na koma har bakin kwata. Suna kallona. Wani abokin aikina ya ce, “Kai, yau matanka sun yi yaji?” Ya karɓi daron ya buga da wasa. Suka sauko masa.

Daron nan dai, wuƙar nan dai. To wa ya gaya musu? Waɗanda suka je ramin ba su dawo ba, sai ɗaya. Mu muke cewa dabba ba ta da magana. Wataƙila ba ta da ita. Amma kafin la'asar ta ranar nan duk ungulun Zongo ta san abin da Isufu ya yi, mutanen Zongo kuwa har yau ba su sani ba.

In ban da Yaaba. Ba ta tambaye ni ba. Ta ga rufi, ta ga fuskata. Na je sayen wake, ta zuba mini kamar kullum, har da ƙarin mai. Da na miƙa mata kuɗi sai ta janye hannu.

“Ajiye a ƙasa.”

“Haba matata, me ya yi zafi?”

“Ba ni da miji a nan.” Ta ci gaba da juya tukunya. Can ta ce, ba ta ko kalle ni ba, “A ƙauyenmu in mutum ya ɓace a daji, sama muke dubawa. Inda suke kewayawa, can yake. Haka muka samo ƙanena muka binne shi. Kai baƙo ne, Isufu. Ranar da ka faɗi a hanya, wa zai nuna?”

Shekara bakwai ta ƙara yi tana sayar mini da wake, kullum a ƙasa nake ajiye mata kuɗi.

Ɗan Bakwai ya sake ɗaukata sau ɗaya, can wajen baraj, madatsar ruwan gari. Na bi shi, kada ka ɗauka na tuba a lokacin. Na buga har hannuna ya yi tsami. Suka taru a sama suka ƙi sauka. Ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, “Kiranka ya mutu, mutumina. Ba komai.” Ya tafi ya samu wani mai wankin hanji a unguwar Paspanga. Bayan shi wani. Ba shi kaɗai ke sana'ar ba, kuma na ji masu cewa akwai wasu dalilai da suka rage tsuntsayen, ban musa ba. Ni dai na san nawa kason.

Sati bai cika ba na fara jin takun. Da rana ne, bayan azahar, lokacin da nake ɗan kishingiɗa a ɗaki. A kan kwanon rufi, daidai saitin kaina. Taku, sai ja. Taku, sai ja. Daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta juyo. In na fita in ga Gurguwa a tsaye a kan katanga, in kuma na koma ciki ta ci gaba. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Na jefa mata hanta mai kyau, wadda na saya da kuɗina, ta bar ta ta bushe a wurin. Na sauya ɗaki zuwa ɗaya gefen unguwa, na samu kwana tara na hutu. Ran na goma, taku, sai ja.

Kun sha tambayar me ya hana ni zuwa. A shekarata ta shida na yi shiri. Na sayi atamfa, na sayi sukari da sabulu, na yanki tikiti. Na shiga mota na zauna. Sai na ji masu lodi suna ta “Kai! Tashi!” a sama. Na leƙa ta taga. Ungulu ce tsaye a kan kayan, a kan buhuna. Suna kaɗa mata igiya, ta ƙi. Ban ga ƙafarta ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Tasha kuma ba ta rasa ungulu, ga masu tsire ko'ina. Amma abin da ya zo mini shi ne, in na tafi, har gidan da ’ya’yana suke zan kai ta. Na sauka na ce a sauke mini kaya. Ina taka ƙasa ta tashi.

Yanzu da na tsufa na san rabin abin tsoro ne, rabi kunya. Abin da na tara bai taka kara ya karya ba, na ji nauyin in shigo gari da shi, sai tsuntsuwa ta ba ni hujja. Mahaifiyarka ce ta biya wannan, da ku. Ban nemi ka yafe mini a takarda ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kada ka yi aikin da zai sa ka ji tsoron ƙofar gidanku. Talauci ana shiga gida da shi, a yi maka dariya kwana biyu a manta. Wannan ba a shiga da shi.

Na taɓa kai maganar wurin Malam, limamin masallacinmu, tsoho ne da kakanninsa suka zo da ayarin goro. Ban gaya masa abin da na yi ba. Cewa na yi, “Allah gafarta Malam, da mutum da dabba wa ya fi?”

Ya ce, “Allah ya karrama ɗan Adam, wannan ba shakka.”

“Kowane ɗan Adam?”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Isufu, me ka kashe?”

Na sunkuyar da kai. Bai matsa ba. Ya ce, “In an naɗa wa mutum rawani, an ɗaukaka shi. Amma ba don ya cinye talakawa aka naɗa shi ba, kuma shi za a fara kira in gari ya ɓaci. Ran gobe ƙiyama dabba za a yi mata hisabinta gajere, a ce ta koma ƙasa, ta huta. Kai ne za ka tsaya. To ka fi ta. Sai ka ji daɗi.”

Ban ji daɗi ba. Na yi shekaru ina tauna maganar a bakin kwata, ga kuma inda na tsaya, ni da ban yi karatu mai zurfi ba. Mun fi su dabara, ba musu. Ungulu ba za ta iya haɗa guba ba. Amma ban taɓa ganin ta kashe abin da za ta ci ba, jira take sai Mai rai ya karɓi abinsa. Ban taɓa ganin ta kira wani da muryar aminci don ta yanka shi ba. Kuma ka dubi abin dariya: mai kuɗi, mai ilimi, mai babbar riga, shi ne ke biyan kuɗi a yanko masa kan tsuntsuwar da ba zai bari ta sauka a gidansa ba, don ya ari idonta. In mun fi ta ta kowace fuska, me muke nema a kanta? Fifikon nan gaskiya ne, amma kaya ne aka ɗora mana, ba lasisi ba. Ranar Talatar nan a cikin ramin, halittu sun fi arba'in, kuma na san wanda ya fi kowa ƙasƙanci a cikinsu. Yana da wuƙa a hannu.

Yanzu ana rushe Zongo, Hamidu zai ba ku labari. Masu gidaje an ba su wani wuri, mu ’yan haya kowa ya kama gabansa. Rabin unguwa ya zama fili. Yaaba ’ya’yanta sun mayar da ita ƙauye, ban samu na yi mata sallama ba. Kwanan baya wani kare ya mutu a cikin ɓaraguzai kusa da mu. Da can kafin la'asar sai ƙashi. Kwana tara ya yi yana kumbura, muna wucewa da hannu a hanci, muna ɗaga kai sama ba kowa. A ƙarshe ni na haƙa rami na rufe shi.

Takun ma ya daina. Wata uku ke nan ban ji shi ba. Ka ɗauka na huta? Kullum bayan azahar ina kwance ina sauraron kwano. Na ce ko ta mutu, ai ta tsufa. Ina cikin haka Hamidu ya zo da labarinka. Ban ce wurinku ta tafi ba, tsakaninmu da ku tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma ni Musulmi ne. Amma ran kasuwa, in ka kai shara gindin tsamiya suka sauko suka kewaye ka, ka dube su da kyau kafin ka matsa. Ka ga yadda suke jiranka. Shi ke nan abin da na roƙe ka.

Na san dalilinka. Gona ba ta ciyar da ku, ni kuma ban aiko da abin kirki ba. Saurayi ba ya zama hannu biyu yana kallon uwarsa tana auna hatsi da ludayi. In fita ce, ka fita, ban hana ka ba. Ka yi dako, ka yi tura, ka wanke hanji kamar ubanka, ba abin kunya a ciki sai wari, shi kuwa sabulu na fitar da shi. Amma kada ka bi Ɗan Bakwai. In ya zo, ka gaishe shi da ladabi, ka ba shi ruwa, ya taɓa ceton raina. Ka ce masa Isufu ya ce a'a. Zai gane.

Kuma don kada in hana ka da baki kawai, na ba Hamidu duk abin da na ajiye. Na yi niyyar in shigo gida da shi ne da kaina. An ce mini zai sayi jaki da amalanke na hannu, ka riƙa ɗaukar kaya ran kasuwa kana kwana a gida. In ka saya, kada ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ka shayar da shi kafin ka sha.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata ta yi gaskiya. Ka gaishe da ƙannenka da baffanninka. Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka a gida da daji, ya raba ka da abokin da zai yi maka ado da mugun aiki. Allah ya sa duk abin da ya amince da kai ya kwana lafiya. Allah ya haɗa fuskokinmu kafin a rufe tawa. Amin.

Mahaifinka, Isufu.

Ga abin da ke hannun Hamidu, ka ƙirga a gabansa: kuɗi jika ɗari da tamanin da bakwai na sefa, duk na wankin hanji ne. Atamfa turmi biyu, na mahaifiyarka. Bargo ɗaya. Wuƙa biyu da dutsen wasa su. Ban rage ko na mota ba.